Tulu Goma Sha Tara, Hula Goma Sha Takwas

Tun da aka fara zaluntar bayin Allah a doron ƙasa, ban ji an yi wa wani abin da aka yi mini ba. Na ji labarin waɗanda aka kora daga garinsu, na ji na waɗanda aka ƙwace wa gonar gado, duk na tausaya musu, amma ko ɗaya cikinsu ba a zauna taro aka kafa doka dominsa shi kaɗai ba. Ni an yi. Ƙungiyar ɗakin iri ta unguwarmu ta zauna, maza da mata har da masu goyo, suka ɗaga hannu suka amince cewa daga yau kada wani tela ya sake taɓa tulu. Wani tela! Ku zagaya unguwar nan daga bakin rijiya har injin niƙa ku ƙirgo mini teloli. Ni kaɗai ne. Da sunana suka ambata ma da ya fi mini sauƙi. Kuma hannun da ya riga kowa tashi sama, na matar da nake ciyarwa shekara ashirin da uku ne.

Laifina kuwa, na ga abu ba kyan gani na gyara.

Ga wanda bai sani ba, ɗakin iri wani ɗan ɗaki ne a bayan injin niƙa, taga ɗaya, ƙofar langalanga. A cikinsa akwai tuluna goma sha tara, kowanne da irin shinkafar da kakanninmu suka noma tun kafin a fara kawo ta buhu daga kanti. Akwai Kori Tsuntsu, wadda tsuntsaye ke gani su wuce. Akwai Tashi Maƙwabci, wadda in ana dafa ta sai ka ga mutumin da kuka yi wata uku ba ku gaisa ba ya zo tambayar lafiyar iyalinka. Akwai 'Yar Tudu, wadda ba ta yarda ruwa ya kwanta mata ba, gida takwas ke jiranta duk shekara. In damina ta kusa kowa ya zo ya ɗebi kwano ɗaya, in ya girbe ya mayar da biyu.

Sai kuma Mai Iyo. Ita a kwari mai zurfi take yi. Ruwa ya ƙaru ta ƙara tsawo, ya kai wuyan mutum ta leƙo ta samansa. Bara ruwa ya yi ƙaranci, kwarin bai cika ba, abin da ya dawo ɗakin iri gwangwani huɗu ne kacal. An yi cigiya ƙauye ƙauye, ba mai ita. Aka yanke cewa bana wani manomi da muke kira Dogo zai shuka gwangwani huɗun nan a gonarsa ta kwari, don shi ke da wuri mai zurfi, kuma in ba ita ba babu abin da ke yi a gonar tasa. In ta ɓace, ta ɓace ke nan har abada, Dogo kuma ya koma kiwon kwaɗi.

Mai riƙe da ɗakin Goggona ce, ƙanwar mahaifina. Ta haura saba'in, ba ta karatu ba ta rubutu. Kowane tulu ta ɗaura masa tsumma a wuya, da shi take gane wane ne wane. Wannan karon aka ce za a cire mata yanar ido a asibiti, za ta yi mako guda. Ranar tafiya, Goggo ta tsallake ni, ni jininta, ta miƙa wa Uwar yara makulli.

"Ki riƙe da kyau," in ji ta. "Ko mene ne ya faru, kada ki ba yaron nan."

Yaron nan shekararsa hamsin da ɗaya, da furfura a gemu.

Ba ta daɗe da tafiya ba sai ga Malamin gona a kan babur. Ya ce ranar Alhamis, ranar rabon iri, zai kawo baƙi daga ƙungiyoyi biyar su ga yadda muke yi, har da mai ɗaukar hoto. Da na ji mai ɗaukar hoto sai jikina ya ba ni cewa lokacina ya yi.

Ranar Litinin na shiga gida ina haki na ce wa Uwar yara na ga ɓera yana shiga ta tagar ɗakin iri.

"Ɓera?"

"Ƙato. Da farko na ɗauka kyanwa ce. Har juyowa ya yi ya dube ni."

"To mu je."

"Ke da kike hawa kujera in kin ga ƙadangare? Kawo makulli, aikin maza ne."

Da na buɗe ƙofa sai kunya ta rufe ni a madadin unguwa baki ɗaya. Tuluna barkatai, babba kusa da ƙarami, wani a lungu wani a bakin ƙofa. Wuyan kowanne tsumma ne da ko goge keken ɗinki ba zan yi da shi ba. Na ɗaga murfi, shinkafar ma cakuɗe take da toka, kamar an share murhu an zuba. Wannan za a nuna wa baƙi? A unguwar da nake da rai, da almakashi a hannuna?

Na kira aminina Mai aski, wanda shagonsa ke jikin nawa. Ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Gwani, anya ba za ka bar wa tsohuwar nan kayanta ba?"

"Kai kan mutane kake gyarawa, ni zan gyara kan tuluna. Kowanne zan ɗinka masa hula."

Ina da wani koren yadi da ya yi saura daga ɗinkin mutane. Kada wanda ya tambaye ni yadda yadi ke yin saura har yadi bakwai, sirrin sana'a ne. Ranar Talata kafin azahar na gama huluna masu tattara a baki da ɗan tuntu a tsakiya. Na kwance tsummokaran nan kaf, na cusa su cikin ƙyallen da ya rage na ɗinke, ya zama matashin da babban baƙo zai zauna a kai. Na ɗauko rariyar Uwar yara, muka tankaɗe tokar tulu bayan tulu. Sannan muka jera su bisa tsawo, daga babba zuwa ƙarami, kamar 'yan makaranta.

Na bi su ina saka hula. Goma sha shida, goma sha bakwai, goma sha takwas. Hula ta ƙare. Ga wani ɗan tulu mai karyayyen baki a ƙarshen layi yana dubana tsirara.

Na leƙa cikinsa, 'yar shinkafa ce a gindi, ba ta taka kara ta karya ba. Na leƙa wani babba da ke da sauran wuri, launinsu ɗaya sak. To me ya rage? Na juye, na sa hannu na gauraya sosai don kada su ji baƙunta. Tulun kuma na ba Mai aski ya riƙa zuba wa kazarsa ruwa. Daga nan na ga layin bai miƙe ba, muka sake jerawa. Mai aski ya ce ta hagu ya fi, muka sake.

Ranar Laraba da safe Uwar yara ta biyo sawun rariyarta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi tuluna cikin korayen huluna, ta zaro ido. Na ɗauka sha'awa ce ta kama ta.

"Ba sai kin yabe ni ba," na ce, "fuskarki ta isa."

"Baban yara, ina tsummokaran Goggo?"

"Sun yi ritaya."

"Ina tokar?"

"Na zubar. Ƙazanta ce."

"Ƙazanta! Ita ke hana ƙwari cin irin! To yanzu wanne ne wanne?"

"Shinkafa ce, ba 'yan biyu ba. Kowa ya duba zai gane."

"Bismilla. Nuna mini Kori Tsuntsu."

Na ɗaga hula ta farko, na ga shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ruwan ƙasa. Na ɗaga ta biyu, shanshera ruwan ƙasa. Ta uku ta ɗan fi ruwan ƙasa. Na ce hasken ɗakin ne bai da kyau.

"Ina ɓeran kuma?"

"Ya ga gyara ya ji kunya ya tafi."

Ta bi layin da ido tana motsa leɓe, sai ta juyo. "Ina ɗan tulun Mai Iyo? Mai karyayyen bakin nan?"

Sai a lokacin na gane abin da na juye. Amma ni ba a kama ni da sauƙi.

"Shi ai na ajiye shi wuri na musamman. Irin wannan ba a barinsa cikin gama-gari."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai kifi in ya rantse na yau ne. Ta ɗauki rariyarta ta fita.

Na ruga shagon Mai aski, na same shi da rabin kan mutum a hannu.

"Wane tulu na juye ƙaramin nan?"

"Mai koriyar hula."

"Duk koriyar hula gare su!"

"To ka ga ban yi maka ƙarya ba."

Na fara da toka. Na bi gida gida da bokiti ina roƙo. Matar mai burodi ta tambaye ni me zan yi da ita, na ce ciwon haƙori. Ta dubi bokitin ta ce, "Haƙoran duk danginku ne?" Kafin in kai gida na biyar labari ya riga ni, ana buɗe ƙofa ana yi mini sannu da jiki. Wata tsohuwa har ta riƙe mini haɓa wai in buɗe baki ta gani.

Na mayar da tokar cikin tuluna, daga nan na koma kan ilimi. Tun da tsuntsu ba ya cin Kori Tsuntsu, kaza kuma tsuntsu ce, sai na ɗebo kaɗan daga kowane tulu na jera tsibi goma sha takwas a ƙasa, Mai aski ya kawo kazarsa. Wanda ta ƙi, shi ne. Kazar nan ta fara daga dama, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe ta juyo ta yi bita. Sannan ta tashi fir ta sauka cikin tulun da na bari a buɗe, ta fara tono da ƙafa biyu. Na kai mata cafka na kamo hula. Mai aski ya kai mata cafka ya kamo gemuna. Ta fita ta taga da tuntun hula a baki.

Mai injin niƙa, wanda ƙararmu ta danne ta injinsa, ya leƙo fari fat da gari.

"Lafiya, Tela?"

"Bincike muke yi."

"Kazar ce shugabar binciken?"

Ban kula shi ba. Na sa aka kawo baho cike da ruwa. Mai Iyo dai sunanta ya nuna halinta: duk tulun da shinkafarsa ta taso sama, a nan take. Na zuba ta tulu na farko, wasu suka nutse wasu suka taso. Na yi kabbara. Na zuba ta biyu don tabbatarwa, wasu suka taso. Ta uku ma haka, har goma sha takwas.

"Gwani," in ji Mai aski, "ashe dukansu sun iya ruwa."

Mai injin niƙa ya riƙe ciki ya jingina da ƙofa. "Wadda ta taso ai fanko ce, ba komai a cikinta! Ko jikata ta san wannan!"

Na ce masa jikarsa ba ta da baƙi gobe. Na rufe ƙofa, na zaro allin da nake zana yadi, na bi huluna ina rubuta suna yadda zuciyata ta raya mini. Sunaye goma sha ɗaya na iya tunawa. Sauran bakwai na raɗa musu da kaina. In mutum ya iya raɗa wa 'ya'ya shida suna, shinkafa ba za ta gagare shi ba.

Ranar Alhamis na saka shuɗiyar rigata mai aiki a ƙirji, wadda na yi wata biyu ina ɗinka wa kaina. Uwar yara ta fita tun da safe ba ta ce ga inda za ta ba, na ce ƙyashi ne. Baƙi suka cika ɗaki har waje, 'yan unguwa kowa da jakarsa ta karɓar iri. Na zaunar da Malamin gona a kan matashi, ya ce bai taɓa zama a kan abu mai laushi haka ba. Mai hoto ya ce in tsaya a tsakiyar tuluna. Na tsaya, na dafa ɗaya kamar ɗana ne ya ci jarrabawa.

Na yi jawabi. Na ce iri amana ce. Na ce ni ko ido rufe aka kawo mini ƙwaya ɗaya zan faɗi sunanta da na uwarta. Aka tafa.

Wata baƙuwa mai littafi a hannu ta sunkuya tana karanta hula. "Malam, wannan Farin Jinin Tela, ban taɓa jin ta ba. A ina take yi?"

"Ko'ina, Hajiya, in dai an yi mata ladabi."

"Wannan Sarauniyar Almakashi fa, kwana nawa take nuna?"

"Ya danganta da yadda ta tashi."

Tana rubutawa! Wallahi tana rubutawa. Da an tsaya nan, da yanzu ana koyar da ni a makarantun gona.

Sai Dogo ya sunkuyo ya shigo, don ƙofar ba ta kai shi ba. Mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Ya miƙo jaka.

"Mai Iyo."

Na nufi hular da na rubuta wa Mai Iyo, na ɗebo gwangwani, na juye masa da hannu biyu don mai hoto ya samu. Dogo ya ɗebi kaɗan ya murza a tafinsa. Ƙamshi ya tashi ya cika ɗakin, har na waje suka fara leƙowa.

"Tela," ya ce, "wannan Tashi Maƙwabci ce. In na zuba ta a kwari, kifi ne zai zo mini gaisuwa."

"Ai zaman tare ne, ta ɗauki ƙamshin maƙwabciyarta."

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan dakali. Mutane suka dare. Goggo ce, ido ɗaya liƙe da auduga, ɗayan bayan baƙin tabarau, Uwar yara na riƙe da gwiwar hannunta. Ashe asibiti Uwar yara ta tafi ta ɗauko ta. An ce likita ya ce sai Asabar, Goggo ta ce masa shi ya zauna har Asabar ɗin.

Ba ta gaida kowa ba. Ta lalubi tulu na farko, ta shafa wuyansa, ta taɓa tuntu.

"Wane ne ya yi wa tulunana kaciyar kai?"

"Goggo, sannu da hanya, ya jikin..."

"Kai yaron nan, ina tsummokarana?"

Na dubi rufi. Mai aski, aminina na shekara talatin, wanda ban taɓa karɓar ko godiya daga gare shi ba in na ɗinke masa wando, ya ɗaga yatsa a hankali ya nuna ƙarƙashin Malamin gona. Bawan Allah ya miƙe kamar an ɗana masa wuta. Aka farke matashi da almakashina, a gabana.

Goggo ta zauna a ƙasa, ta tara tsummokaran a cinya tana shafa su ɗaya ɗaya.

"Wannan gefen zanen uwata ne. Ita ta kawo Kori Tsuntsu daga garinsu, a ƙulle a bakin zanen nan. Wannan hannun rigar makahon da ke bakin rijiya ne, shi ya ɓoye 'Yar Tudu a shekarar yunwa, yana jin yunwar bai ci ba. Duk wanda iri ya tsira a hannunsa, ana yankar tufarsa a ɗaura." Ta ɗaga wani baƙin ƙyalle da ya koɗe har ya koma toka-toka. "Wannan ɗankwalin kakata ne. Na Mai Iyo."

Baƙuwar nan ta ja layi a kan duk abin da na faɗa mata, ina jin ƙarar biron.

Aka riƙa matso mata da tuluna. Ta cire hula ta yar, ta tsoma hannu, ta murza, ta sunsuna, ta ɗan ciza ƙwaya ɗaya, ta faɗi suna, ta ɗaura tsumma. Ba ta yi jinkiri ko sau ɗaya ba. Farin Jinin Tela ta koma Jar Kaka. Sarauniyar Almakashi ashe ita ce Kori Tsuntsu. A tulu na goma sha ɗaya hannunta ya daɗe a ciki. Ta fito da shi, ta sake mayarwa.

"Nan mutum biyu ne a ɗaki ɗaya," ta ce. "'Yar Tudu da Mai Iyo. Wadda ruwa ke kashewa da wadda rashinsa ke kashewa. Wa ya haɗa su?"

"Goggo, yadin ne bai kai ba."

"Ina ɗan tulun?"

Mai injin niƙa ya ce ya gan shi a bayan shagon aski, kaza na shan ruwa a ciki.

Hayaniya ta kaure. Wani baƙo ya ce a zuba duka a kwari, wadda ta iya ruwa ta tsira. Gida takwas masu jiran 'Yar Tudu suka taso masa kamar za su cinye shi. Wani ya ce a zuba a tudu. Dogo ya matso kusa da mutumin ya tsaya, mutumin ya janye maganarsa.

Goggo ta buga sanda. "Za a tsince. Mai Iyo tana da ɗan baƙin ɗigo a baki, kamar an sa mata kwalli. Ƙarami ne ƙwarai. Sai mai idon zura zare a allura."

Duk ɗakin ya juyo gare ni, har mai hoto.

"Goggo, ai da na so, amma idona kwanan nan..."

Uwar yara ta buɗe jakarta, ta zaro tabarau mai kaurin gindin kwalba ta ɗaga sama. Shekara shida ina ɓoye shi a aljihun keken ɗinki, sai na rufe ƙofar shago nake sakawa, don kada a ce Gwani ya tsufa. Ta maƙala mini shi a gaban ƙungiyoyi biyar. Wata yarinya a bayan uwarta ta fashe da kuka.

Goggo ta ce a ƙofar shago zan zauna, inda haske yake. Kwana tara na yi a kan tabarma, tire a cinya, tsinke a hannu, ina tura ƙwaya ɗaya dama, goma hagu. Masu wucewa ba su bar ni ba. Matar mai burodi kullum sai ta tsaya ta tambayi haƙori. Mai injin niƙa ya ce in na gaji in kira shugabar bincike ta taya ni. Mai aski ya juyo da kujerarsa waje, wai masu aski sun fi zama lafiya in suna da abin kallo.

Duk wannan da sauƙi. Dogo ne ya fi damuna. Kowace safiya sai ya zo ya tsaya a kaina, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ya dubi gwangwanin da ke gefena, ya tafi. Da zagina ya yi da na samu abin ramawa. A rana ta shida aka yi yayyafi, na kwashi tire na rufe da rigata na ruga ciki, ni na jiƙe, ita ko ɗigo. Daga ranar na daina ɗaga kai in an tsokane ni.

A rana ta tara na kai gwangwani uku da rabi da ɗan ɗori. Sauran, kaza da baho sun san inda suka kai su. An cire wa Goggo auduga, ta baza su a tire ta duba da sabon idonta har rana ta karkata. Ba ta samu ko ƙwaya ɗaya baƙuwa ba. Ba ta faɗa ba, amma na ga ta nema.

Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka. Dogo ya shuka. Da kwarin ya cika har ya shanye turken da yake ɗaure jakinsa, na je na tsaya a gaɓa, wai iska nake sha. Ga ta nan kore shar a saman ruwa, tana kaɗawa. Da kaka Dogo ya sunkuyo ya shigo ɗakin iri da buhu a kafaɗa, kwano goma sha huɗu.

Na saka shuɗiyar rigata na je, don na san dole a yi godiya. Goggo ta sa aka juye a sabon tulu, ta ɗaura ɗankwalin kakarta. Sannan ta yafito ni.

"Matso, yaron nan. Ba ni almakashinka."

Na miƙa. Kafin in ankara ta kama gefen rigar, ta yanke tsawon taku guda, ƙyat, a daidai inda aikin ya fi kyau. Ta ɗaura shi kusa da na kakarta.

Zafin rigar ya soke ni, amma na daure, na juya ga jama'a na buɗe hannu. "Kun gani? Duk wanda iri ya tsira a hannunsa!"

"Daga hannunsa," in ji Goggo, tana ƙara ƙulli. "Na baya su sani, shinkafar nan ta tsira daga fari, ta tsira daga yunwa, ta tsira daga kai."

Na buɗe baki zan ce yadin ne bai kai ba, zan ce Mai aski ne ya sake jeri, zan ce kaza. Sai na duba na ga yadin ni na yanka, Mai aski ni na kira, kazar ma ni na aika a ɗauko. Ɓeran kansa ni na haife shi. To, na yarda, ni ne. Daga makulli har tuntu, ni kaɗai na yi, cikin kwana uku, ba wanda ya koya mini.